Murfin da Kawu Bai Buɗe Ba

Daga Allah muke, gare Shi kuma Kawu ya koma, ranar wata Talata da hantsi a farkon shekarar 2015, a ƙasar da ba tasa ba. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya kawo ni Dubai, a ɗakinsa na zauna shekara shida, kuma da hannuna aka saka shi a kabari a Al Quoz. Na rubuta wannan ne don kada a manta da shi, don kuma kada a riƙa tuna shi da abin da bai aikata ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta aka zauna makoki a fulat ɗinmu na Abu Hail. Ɗakin ba ya ɗaukar mutum goma, saboda haka jama'a suka malala har kan matakala. Waɗanda suka fara zuwa fatake ne 'yan Kano, cikin shadda da turare. Bayansu sai mutanen da Kawu ya yi aiki da su, 'yan Bangaladash uku da ɗan Fakistan ɗaya. Suka tsaya a waje da kayan aiki a jikinsu, suka ƙi shigowa don kada su ɓata darduma. Ɗan Fakistan ɗin, ƙato mai gemu, kuka yake yi kamar mace ta rasa ɗa, yana ta cewa, "Baba Afirka khalas, Baba Afirka khalas," wato Kawu ya ƙare, don haka suke kiransa. Daga ƙarshe 'yan Zangon Gana suka iso, masu gadi da direbobi da masu aikin otal.

Mahaifiyata ta bugo waya daga gida. Muryarta ta dushe. Abu ɗaya ta tambaya.

"Yaya ya rabu da kowa lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, Inna."

Malamin da ya ja addu'a ya shafa, sannan ya dubi jama'a ya ce, "Wanda ke kwance a ƙasa ba ya iya roƙon kowa. Mu ne bakinsa yau. Duk wanda marigayi ya ɓata wa rai, da saninsa ko ba da saninsa ba, ya dubi Allah ya yafe masa."

Aka amsa baki ɗaya, "Mun yafe."

Sai wata murya daga bakin ƙofa ta ce, "Ni ban yafe ba."

Baba mai gadi ne, dattijo ɗan Zangon Kumasi, wanda yake gadin wani tsohon bene a bayan layinmu. Shi ne babban abokin Kawu a ƙasar nan kafin su ɓata. Yana tsaye da hularsa a hannu, bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Na yi masa salla, na raka shi, don haƙƙin Musulmi ne. Yafiya kuwa, a'a. Ya yi mini alkawari, alkawarin ya zuba mini najasa a kan Alƙur'anin ubana. Na tambaye shi yadda aka yi, ya mutu bai ba ni amsa ba. Sai mun tsaya gaban Allah."

Aka yi ta salati. Wani ya ce ba a yi wa mamaci haka. Wani daga cikin fataken ya ce ƙasa-ƙasa, "Ai marigayi akwai taurin kai, Allah dai ya jiƙansa." Baba ya sa hularsa ya sauka. Alhajin da nake yi wa aikin tsaron sito, wanda bizata ke hannunsa, yana zaune kusa da ni. Ya ɗora hannu a gwiwata ya danna.

Mutum biyu ne a ɗakin suka san Kawu bai yi wa Baba komai ba, ni da Alhaji. Ni ne na yi. Zan faɗi yadda aka yi a jere, amma sai na fara da mutumin kansa.

Kawu ya fara da aikin famfo a Kano. Ya tafi aikin hajji, ya zauna a Jidda wasu shekaru, daga can wani kamfani ya kawo shi nan. Lokacin da na iso a 2009 shi ne helma, wato shugaban ma'aikata, a wani ƙaramin kamfani mai gyaran magudanan ƙazanta na tsofaffin unguwannin Deira. Ranar da na sauka, tun ban huta ba, ya zaunar da ni ya ba ni dokoki uku. Kada in bar salla. Kada in sa hannu a takardar da ban karanta ba. Kada in buɗe murfin rami ko wane iri ne a kan titi. Na yi dariya a ta ukun. Shi bai yi ba.

Ya ce, "A gida kwata ɗaya ce, ruwan sama da ruwan wanka da na wanke-wanke duk ita suke bi. Nan hanya biyu ce a ƙarƙashin ƙasa. Ɗaya ta ruwan sama, ɗaya ta masai da kicin. Ba sa gamuwa, kuma aikina shi ne in hana su gamuwa."

A hankali na fahimci aikin. Ƙasar Deira yashi ce, kuma ruwan zartsi yana kusa da sama, musamman wajen bakin ruwa. Bututan da aka binne tun kafin a yi dogayen benaye sun tsufa, sun tsattsage a mahaɗa. Ruwan ƙasa yana tsatsowa ciki dare da rana. In aka yi ruwan sama, shi ma ya bi ta gefen murafen da suka saki ya shiga. Bututu ya cika da ruwan da ba wanda ya yi amfani da shi, injinan zuƙa su yi ta wahala a banza, ƙazantar da aka yi bututun dominta ta rasa wuri, ta juya ta koma gidajen mutane. Kawu yakan ce, "Na gida ba ya cika bututu, baƙon ruwa ke cika shi." Yakan kuma ce ruwa ba ya ɓatan hanya, ƙasa yake nema, kuma wanda ya fi kowa ƙasa shi ke sha.

Injiniyoyin kamfanin suna da kyamara a kan 'yar mota da ake turawa cikin bututu. Kawu bai raina ta ba. Cewa yake yi kyamara ɗaya ce, layuka kuwa ba iyaka, dole wani ya gaya mata inda za ta. Hanyarsa ta gano yoyo ita ce watan azumi. Da hantsi, kafin lokacin da doka ta hana aiki a rana, unguwar Musulmi shiru take. Ba mai girki, ba mai wanke kwano, rabin mutane barci suke yi. A lokacin ya kamata bututu ya kusa bushewa. Sai ya sa ƙugiyarsa ta ƙarfe ya ɗaga murfi, ya jira iskar ciki ta fita, ya leƙa. In ya ga ruwa garau yana gudu ba tsayawa, ya san ba daga gidaje yake ba. Sai ya ɗaura farin ƙyalle a kan sanda ya tsoma, ya shanya a gefen titi. In ƙyallen ya bushe ya yi tauri da farin gishiri, to zartsi ne. Daga nan ya bi layin yana hawa, murfi bayan murfi, har ya zo inda ruwan ya ragu. Tsakanin wannan murfi da na baya tsagar take. Na raka shi sau biyu ranar hutuna. Da azumi a bakinsa, cikin zafin da takalmi ke mannewa a kwalta, bai taɓa tsallake murfi ɗaya don ya gaji ba.

Ba ya barin kowa ya sauka rami sai an gwada iskar da na'ura a gabansa. Akwai ranar da wani injiniya ya matsa a yi sauri, yana ta "yalla, yalla". Kawu ya miƙa masa igiya ya ce ya fara sauka. Ba a sake maganar sauri ba.

Yana da tsabta fiye da duk wanda na sani. Kayan aiki ba sa shiga ɗakinmu. Wanka biyu yake yi in ya dawo, sannan turare. Duk da haka fatake ba su bar shi ba. In ya shigo wurin cin abinci sai wani ya ɗaga murya, "A ba da hanya, ga Sarkin Kwata!"

Shi kuma ya ce, "Sarkin Kwata ya gaishe ku. In na yi fushi kwana ɗaya, ku da shaddarku sai kun nemi kwalekwale."

Da Baba mai gadi ne kawai na ga yana dariya har haƙoransa su fito. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci a ɗakin Baba muke cin abinci, shinkafa da wake irin na Gana da yajin shito. Da mun zauna suke farawa.

"Bakano, kun iya ciniki, ba ku iya girki ba. Ci ka ji yadda ake yi."

"Rufe mana baki, ɗan Zango. Kakanka daga Kano ya tafi sayen goro ya manta hanyar gida."

"Bai manta ba, Helma. Abincinku ya tuna, ya ƙi komawa."

Ɗakin Baba yana ƙarƙashin matakala, taku biyu ƙasa da titi. Shi ne wuri mafi ƙasa a layin gaba ɗaya. Duk lokacin da aka yi ɗan ruwa, magudanar banɗakinsa sai ta yi ta gurnani tana turo wari. Saboda haka ba ya ajiye komai a ƙasa, akwatinsa ma a saman kabad yake zaune. Abin ya dami Kawu. Ya yi azumi biyu yana bin layin, ya yi ta kai maganar gaban manyansa har aka sa shi cikin jerin gyara. Mako uku suka yi a kansa. Suka zura sabuwar riga ta roba a cikin tsohon bututun, suka toshe mahaɗai, suka sa zoben roba a ƙarƙashin kowane murfi don kada ruwan sama ya shiga. Murfi goma sha ɗaya ne. Na ƙarshe, can sama, a harabar siton da nake tsaro yake, a Al Khabaisi. Ranar da suka gama shi Kawu ya bar ƙugiya ɗaya a wurina ya ce in taho da ita gida. Na jingina ta a bayan ƙofa na manta.

Juma'ar da ta biyo, ina zaune ya ce wa Baba, "Daga yau ajiye abin da ka ga dama a ƙasa. Ko tabarmar sallarka ce. Na ɗaukar maka alkawari."

Baba ya ce, "Alkawarin Bakano?"

"Alkawarin Helma."

Baba yana shirin zuwa gida hutu a lokacin. Ya sauko da akwatin ya ajiye a ƙasa, ya fara shirya tsaraba. A cikin akwatin akwai Alƙur'anin da mahaifinsa ya rubuta da hannunsa, warware, cikin gafaka. 'Yan uwansa sun ba shi ne don shi ne babba, kuma zai mayar da shi gida a wannan tafiyar.

Ruwan ya zo ranar wata Alhamis, lokacin sanyi, wajen azahar. A garin nan sai a yi shekara ba a ga ruwan kirki ba, ranar kuwa kamar da bakin ƙwarya. Magudanar ruwan sama ta harabarmu ta toshe da yashi da ledoji. Na sa hannu, na sa sanda, ta ƙi. Harabar ta fi titi ƙasa, sai ruwan titi ma ya juyo mana. A cikin sito akwai katan-katan na shadda da leshi na fatake takwas, suna jiran kwantenar Asabar. Ruwa ya hau har ya fara lasar dokin ƙofa.

Alhaji ya iso ya naɗe wando, waya a kunne. Ya nemi tankar zuƙe ruwa, aka ce duk garin ake nema. Ya juya ya ga murfin a tsakiyar haraba, ruwa na wucewa ta kansa.

"Wancan fa? Ba rami ba ne?"

"Alhaji, na ƙazanta ne. Kawu ya hana."

"Kawu ya hana! Kawun naka ne zai tsaya gaban mutum takwas ranar Asabar? In ruwa ya tare a Kano me muke yi? Ba kwata muke fasa masa ba? Rami rami ne, habibi. Shwaiya, ɗan kaɗan kawai, ruwan ya sauka mu rufe. Yalla!"

Ba zan ɗora wa Alhaji ba. Shi bai san bambancin ba, ni na sani. Na san layin, na san inda ya nufa, na san ɗakin da ke ƙarshensa. Na dubi katan ɗin farko da gindinsa ya fara jiƙa, na tafi bayan ƙofa na ɗauko ƙugiya.

Murfin ya yi gardama saboda robar. Na taka na finciko, robar ta yage. Ruwan ya juya ya rufta ciki da ƙara kamar jirgi zai tashi. Ba a jima ba siminti ya bayyana. Ruwan titi yana ta shigowa, ramin yana ta sha, na bar shi a buɗe fiye da awa guda. Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Khalas. Ka ga abin da nake gaya maka?" Ko katan ɗaya bai lalace ba.

Bayan la'asar Kawu ya kira ni. "Zo gidan Baba yanzu."

Tun daga bakin benen wari ya tare ni. Baba yana tsaye a tsakiyar ɗakinsa, baƙin ruwa ya kai masa ƙwauri. Akwatin yana buɗe. Takardun Alƙur'anin sun watse suna yawo a kan ruwan, tawadar ta narke ta zama shuɗi-shuɗi. Kawu yana durƙushe a ciki, ba safar hannu, yana tsince su ɗaya-ɗaya yana ɗorawa a kan ƙirjinsa. Mutumin da kayan aiki ba sa shiga ɗakinsa.

Baba ya ce, "Helma, yaya aka yi?"

Kawu ya ce, "Ban sani ba tukuna. Gobe zan sani."

Washegari Juma'a da safe ya ɗauki sanda ya bi layin yana hawa, ni ina biye da shi kamar wanda za a kai wa alƙali. Murfi na ɗaya lafiya, na biyu lafiya. Kowanne sai ya tsuguna ya shafa gefensa. Har muka shiga harabarmu. Ya ga robar da ta yage ta leƙo waje. Ya ga sabon karce a jikin ƙarfen. Ya wuce kai tsaye bayan ƙofa, ya ɗauko ƙugiyarsa da jiƙaƙƙen yashi a bakinta.

"Kai ne?"

"Kawu, kayan mutane ne, ruwa ya riga ya..."

"Ban tambaye ka dalili ba. Kai ne?"

"Ni ne."

"Ka san wane layi ne?"

"Na sani."

Na durƙusa na roƙe shi. Na ce in kamfani ya ji, magana za ta kai ga hukuma, za a soke mini biza. Na ambaci Inna, na ambaci matata da 'ya'yana uku a gida. Ya daɗe yana kallon ƙugiyar.

Ya ce, "Ni na kawo ka, ba ni zan kore ka ba. Kamfani zan gaya musu murfi na goma sha ɗaya ya buɗu, ƙugiyata ce ta buɗe shi, kuma ni na bar ta inda bai kamata ba. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma Baba, da bakinka zai ji. Ba zan yi masa ƙarya ba, ba kuma zan tona ɗan ƙanwata ba."

"Yaushe zan gaya masa, Kawu?"

"Kai ka sani."

Kamfani ya sauke shi daga helma. Aka mai da shi ɗakin ajiyar kayan aiki a Al Quoz, yana miƙa wa mutanen da ya koya wa aiki takalman roba da igiya. Bai taɓa yi mini ƙorafin wannan ba. Baba kuwa ya wanke abin da ya wanku na takardun, ya naɗe su a farin ƙyalle ya binne da hannunsa. Ya tafi Kumasi da gafaka ba komai a ciki. Ya dawo bayan wata guda ya rame, aka ce ƙannensa sun daina gaishe shi. Ya sake tambayar Kawu yadda aka yi, a gabana, sau biyu. Kawu ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba," ya sunkuyar da kai. Baba ya ce, "Haƙuri na ji. Amsa nake so." Tun daga ranar aka daina cin abincin Juma'a.

Wata goma sha huɗu muka yi a haka, ɗaki ɗaya, tire ɗaya. Bai fasa tashina sallar asuba ba. Da na yi zazzaɓi shi ya dafa mini kunu ya zauna a kaina. Amma kowace Juma'a, in mun fito masallaci, sai ya tsaya a ƙofar Baba ya yi sallama. Baba ya amsa daga ciki, don amsa sallama wajibi ce, ya bar ƙofar a rufe. In mun dawo ɗaki Kawu ya rataye hularsa ya yi mini tambaya ɗaya.

"Ka je?"

"Ban je ba."

"To."

Sau ɗaya na yi masa tsawa, abin da ban taɓa yi wa babba ba. Na ce abu ya wuce, takarda ba za ta dawo ba, tonawa ba za ta amfani kowa ba. Ya ture tiren abincin gefe ya ce, "Ni ka ga na roƙe ka don kaina? Mutumin nan yana kwana yana tashi da ƙin wanda bai cuce shi ba, yana gaisawa da wanda ya cuce shi. Ka bar shi cikin duhu a kan abin ubansa. Shi ne ban yarda da shi ba."

Gaskiya ya faɗa. Na taɓa kai kaina har ƙofar Baba da niyyar faɗa. Ya buɗe, ya gan ni, fuskarsa ta saki. Ya ce, "Shigo, ɗana. Kai ba ruwanka, laifin kawunka ba ya hawa kanka." Ya zuba mini shinkafa da wake. Na zauna a ɗakin, a daidai inda akwatin yake a da, na cinye, na yi godiya na fita.

Juma'arsa ta ƙarshe, bayan na ce ban je ba, bai ce "to" ba. Ya ce likita ya duba zuciyarsa, ya ce ta gaji. Ya ce, "Ina so in ci abincin mutumin nan sau ɗaya kafin in tafi." Na ce insha Allahu mako mai zuwa. Ranar Talata ya faɗi a wurin aiki. Kafin in isa asibiti an rufe masa fuska.

Wannan shi ne abin da ke cikina lokacin da Baba ya ce bai yafe ba, Alhaji kuma ya danna mini gwiwa.

Ranar sadakar uku da safe Alhaji ya kira ni gefe a sito. Ya ce, "Na ga idonka shekaranjiya. Wanda ya mutu ya mutu, Allah ya san gaskiyarsa. Kai kana da iyali. In maganar nan ta fita, sunan sitona za a kira, kuma ka san a hannun wa bizarka take." Na ce na ji. Daga nan na wuce gidan Baba.

Na ce, "Baba, ka zo wurin addu'a yau."

"Na faɗi abin da zan faɗa, ɗana."

"Ba don ka yafe ba. Akwai maganar da za ka ji. In ka ji ka tafi."

Ya zo bayan la'asar, ya tsaya a bakin ƙofa kamar wancan karon. Da Malam ya shafa addu'a na miƙe tsaye. Na faɗi komai a jere yadda na rubuta a nan: ƙugiyar da na manta, ruwan, murfin, robar da ta yage, abin da Kawu ya gaya wa kamfani, da tambayar da yake yi mini kowace Juma'a. Ban ambaci kowa ba sai kaina. Duk da haka Alhaji ya tashi ya nemi takalmansa. Falken da ya ce marigayi akwai taurin kai ya dubi ƙasa. Wani ɗan Zango ya fassara wa ɗan Fakistan da Larabci, mutumin ya dube ni, ya tofar da yawu a gefen matakala.

Baba bai motsa ba. Da ya yi magana, muryarsa ba ta fita sosai.

"Wata goma sha huɗu yana zuwa ƙofata."

"E, Baba."

"Ina jin takunsa tun daga bakin titi. Ina zaune ina ji." Ya dube ni. "Kai kuma ka ci abincina."

"Na ci."

Malam ya fara cewa, "To, tunda Allah ya bayyana gaskiya, sai a haɗa duka a yafe..." Baba ya ɗaga masa hannu.

Ya ce mini, "Ɗauko mota."

Motar sito ce, kuma ranar ce ta ƙarshe da na tuƙa ta, don washegari Alhaji ya karɓi makulli ya ce in shirya komawa gida ƙarshen wata. Daga Abu Hail muka nufi maƙabartar Al Quoz. Muka isa rana ta yi ja. Na nuna masa layin da kabarin yake, na fara tafiya gaba don in kai shi.

Ya ce, "A'a. Kai tsaya nan."

Na tsaya a bakin ƙofar maƙabarta. Ya tafi shi kaɗai yana jan ƙafa. Na hango shi ya cire takalmi, ya tsuguna, ya ɗora tafin hannunsa a kan sabuwar ƙasar. Ban ji abin da ya faɗa ba. Ya daɗe, har mai tsaron wurin ya fara duba agogo. Da ya dawo gemunsa a jiƙe yake.

Ya ce, "Ka bugo wa uwarka. Ka ce mata yayanta ya rabu da kowa lafiya. Ni ne ma na roƙe shi."

Na ce, "Ni fa, Baba?"

Ya buɗe ƙofar baya ya shiga, ya bar kujerar gaba ba kowa.

"Kai ba yau ba."

Ya Allah, Kawu ya rufa mini asiri a duniya har ya rasa girmansa da abokinsa. Ka rufa masa nasa a lahira, Ka yalwata masa kabari, Ka sa ƙasar baƙunta ta yi masa sauƙi. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a. Ni kuma saura mini kwana goma sha tara a garin nan, kuma akwai Juma'a biyu a cikinsu. Zan je ƙofar Baba in yi sallama.